Kifin da ke mutuwar ƙarya: ciwo ne ko farauta?

Nura77: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san kifayen Tafkin Malawi. Wata huɗu ke nan da na sa wani kifi a tankin gilashina, wanda ya sayar mini ya ce sunansa Nimbochromis livingstonii. Jikinsa fari-fari ne da manyan dabbare masu ruwan ƙasa, kuma akwai layuka masu duhu da suka fita daga idonsa kamar tauraro. Yanzu tsawonsa ya kai santimita 14. Sau uku a makon nan ina samunsa kwance a kan gefensa a kan yashi, ko motsi babu. Ranar farko har na ɗauko raga zan cire gawa, ina zura hannu ya zabura ya shige bayan dutse. Abinci kuwa yana ci sosai. Sannan a cikin ƙananan kifaye guda 9 da ke tare da shi saura 6, kuma ban ga gawar ko ɗaya ba. Ciwo ne ya kama shi, ko kuwa halinsa ne?

Baban_Hanifa: Wa alaikumus salam. Kifi lafiyayye ba ya kwanciya a gefe, wannan sananne ne ga duk mai kiwo. Ko dai jakar iskar cikinsa ta samu matsala, ko kuma ruwan ya gurɓace. Ka auna amoniya, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi, yau ɗin nan, ka canza kashi ɗaya bisa uku na ruwan. Kada ka tsaya jiran ra'ayoyi, na rasa kifaye da yawa saboda jinkiri.

Aliyu_Kimiyya: Baban Hanifa, maganarka gaskiya ce a kan kusan kowane kifi, amma wannan yana cikin 'yan tsirarun da suka fita zakka. Nura, kifinka farauta yake yi. Mutanen bakin tafkin suna kiransa kalingono, wato mai barci, saboda wannan halin nasa. Yana kwanciya a gefe kamar matacce, kuma dabbaren jikinsa suna sa ya yi kama da gawar da ta fara ruɓewa. Ƙananan kifaye sai su matso don su tsattsagi mushe. Da zarar ɗaya ya zo daidai bakinsa sai ya fizge shi. Wani masani mai suna Kenneth McKaye ya nutsa cikin tafkin ya bi su da ido, ya wallafa bayanin wannan hali a 1981. Kifayenka uku da suka ɓace suna cikin cikinsa.

Nura77: Subhanallah. Ke nan ni da hannuna na haɗa su da mai cinye su.

Hajiya_Turai: Kada ka damu kanka da yawa ɗana, laifin wanda ya sayar maka ne da bai gaya maka ba. Ni ma haka aka yi mini, aka ce ai duk 'yan tafki ɗaya ne, za su zauna lafiya. Zama 'yan tafki ɗaya ba ya hana wani cin wani. Ka cire shidan da suka rage tun kafin dare, don wanda ya ɗanɗana ba zai bari ba.

Baban_Hanifa: Malam Aliyu, na ji, kuma ban musa cewa a tafki yana yin haka ba. Amma a tanki fa? Na riƙe irinsa guda biyu kusan shekara uku, ban taɓa ganin ɗaya ya kwanta ba ko sau ɗaya. Kifin da ake zuba wa abinci safe da yamma me zai kai shi wahalar likimo? Shi ya sa nake cewa yaron nan ya auna ruwansa.

Aliyu_Kimiyya: Su wane ne abokan zamansu a tankin naka?

Baban_Hanifa: Manya ne irinsu, babu wanda zai shiga bakin wani.

Aliyu_Kimiyya: To ka ga amsar. Tarko ba a ɗana shi inda babu abin kamawa. Naka ba su da wanda za su yaudara, na Nura kuwa yana kallon ƙanana tara suna yawo a gabansa kullum. Amma ina tare da kai a kan auna ruwa, babu asara a ciki.

Matafiyi_Bala: Bari in ba ku abin da na gani da idona, tunda gani ya kori ji. Aiki ya kai ni Malawi, na samu kwana huɗu a Cape Maclear, a kudancin tafkin. Ruwan garai-garai ne, da gilashin ninkaya kawai kana ganin ƙasa. Wurin da na fi zama shi ne inda duwatsu suka ƙare yashi ya fara, ga ciyawar ruwa mai dogayen ganye tsilli-tsilli. Mai jirgin da ya kai ni ne ya taɓa ni ya nuna mini wani abu a ƙasa. Wallahi ni gawa na gani. Yana kwance a gefe, yashi ya ɗan hau jikinsa, jelar a sake. Abu ɗaya ne ya tona shi: idonsa. Idon na sama yana juyawa a hankali yana bin duk abin da ya wuce. Wasu ƙananan kifaye uku suka sauko, biyu suka tsaya nesa, na ukun ya matso har kusa da kansa. Abin da ya biyo baya ban iya raba shi daki-daki ba saboda sauri, ƙurar yashi kawai na gani ta tashi. A wannan karon bai samu ba, ƙaramin ya tsira. Sai ya miƙe ya yi iyo a hankali kamar ba abin da ya faru, ya yi gaba kaɗan, ya sake zubewa a wani wurin. Na daɗe a ruwan nan har yatsuna suka yi yaushi.

Ummu_Sadiya: Allah mai iko. Yaya Bala, da ya kuskure sai ya canza wuri? Kamar ya san an gano shi a nan.

Matafiyi_Bala: Haka na gani 'yar uwa. Kuma shi kaɗai yake, ban ga wani irinsa kusa ba.

Aliyu_Kimiyya: Abin da Malam Bala ya faɗa a kan wurin yana da muhimmanci, don halin kifin nan ba ya rabuwa da mazauninsa. A cikin duwatsu akwai mbuna, ƙananan kifaye masu kankare gansakuka, kuma suna da ramuka dubu na ɓuya. Mai bin su da gudu a can wahala kawai zai sha. A tsakiyar tafki kuma, inda babu maɓoya, masu gudu ne ke mulki, irin su Rhamphochromis da mutanen wurin ke kira ncheni, dogaye masu haƙora, suna bin garken usipa, wasu ƙananan kifaye na tafkin. Shi kalingono jikinsa mai kauri ne, ba zai ci tseren nesa ba. Sai ya zaɓi bakin iyaka, inda yashi ko laka suka haɗu da ciyawa ko dutse, inda 'ya'yan kifaye ke fitowa kiwo. A can mai haƙuri ke ci. Kuma babba yakan riƙe yankinsa na farauta ya kori 'yan uwansa, abin fahimta ne, gawa biyu a wuri ɗaya ciniki ya lalace.

DanMasunta: Ni tambayata daban ce. Wannan kifin dangin giwan ruwa ne? Don duk kifin da na sani mai cin 'yan uwansa haka, can nake kai shi.

Aliyu_Kimiyya: A'a ɗan uwa, dangin karfasa ne. Giwan ruwa gidansu daban. Dangin karfasa, waɗanda masana ke kira Cichlidae, suna da wata baiwa: bayan muƙamuƙin baki akwai wani muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro mai nasa haƙoran. Na ciki shi ke sarrafa abinci, na waje kuma aikinsa kamawa kawai. Masana da yawa suna ganin wannan rabon aiki yana cikin dalilan da suka sa dangin suka rarrabu haka. A Tafkin Malawi kaɗai ana ƙiyasta nau'insu ya haura 700, kuma kusan dukkansu babu su a ko'ina a duniya sai can. Akwai mai cin gansakuka, mai fasa dodon koɗi, mai tace yashi, mai cin ɓawon jikin wasu, har da mai tunkuyar uwa don ta zubar da 'ya'yan da ke bakinta ya cinye.

DanMasunta: Na ƙaru. Ban taɓa kawo wa raina cewa ɗan uwan karfasa zai zama mafarauci haka ba.

Gwani_Mudi: Ina bin ku tun ɗazu, kuma akwai kalmar da ba ta kwanta mini ba. Kuna ta cewa yaudara, ƙarya, likimo. Yaudara sai da niyya, niyya kuma sai da sanin abin da ke zuciyar wanda za a yaudara. Kifi ya san ƙaramin kifi yana ɗaukarsa gawa? Ni a ganina ilhami ne da aka halicce shi da shi, kamar yadda gizo-gizo ke saƙa ba tare da an koya masa ba. Mu ne muke ɗora masa halinmu.

Ummu_Sadiya: Gwani, to canza wurin da Yaya Bala ya gani fa? Idan ilhami ne zalla ai sai ya ci gaba da kwanciya a inda yake.

Gwani_Mudi: Canza wurin ma yana iya zama cikin ilhamin, 'yata. Ba sai ya yi tunani ba.

Hajiya_Turai: Gwani, da girmamawa, wanda ya zauna da kifayen nan ba zai ce ba su gane komai ba. Nawa sun san ni. Idan na shigo ɗaki duk su taso gaban gilashi, idan baƙo ne su shige duwatsu. Ban ce suna tunani irin namu ba, amma suna koyo, suna kuma tunawa. Asalin dabarar ilhami ce, na yarda. Sanin inda za a yi ta da lokacin da za a yi ta, wannan ina ganin rayuwa ce ke koya masa.

Gwani_Mudi: Wannan rabon da kika yi Hajiya ya fi kusa da abin da zan karɓa. Kalmar ƙarya ce dai har yanzu nake ganin ta yi wa dabba nauyi.

Aliyu_Kimiyya: Akwai abin da zai ƙarfafa Gwani ta wani gefen. Ba kalingono kaɗai ke wannan ba. A Tafkin Tanganyika akwai Lamprologus lemairii da aka gani yana yin irin haka, a Amurka ta Tsakiya kuma akwai Parachromis friedrichsthalii. Nisa mai yawa ya raba su, babu wanda ya koya daga wani, amma dabara ɗaya. Duk inda ake da ƙananan kifaye masu kwaɗayin mushe, ƙofar a buɗe take.

Sadiq_Tanki: Tunda an shiga maganar dabaru, ni wanda ya fi burge ni shi ne Dimidiochromis compressiceps, shi ma ɗan Malawi. Idan ka kalle shi ta gaba kamar wuƙa yake, siriri ƙwarai. Yana tsayawa cikin ciyawa kansa a sunkuye, ya bi kaɗawar ganye, ƙaramin kifi ba ya ganin komai sai layi ɗaya. Turawa sun laƙaba masa sunan mai cizon ido, wai yana ƙwaƙule idon kifaye.

Aliyu_Kimiyya: Sunan ya bi shi, amma abincinsa na yau da kullum ƙananan kifaye ne yake haɗiyewa ɗungurungum.

Sadiq_Tanki: Haka ne. Nawa shekara biyu bai taɓa idon kowa ba. Akwai kuma ɗan ɗakin su kalingono, Nimbochromis linni, mai baki a lanƙwashe ƙasa. Shi kan dutse yake kifa haɓarsa a bakin tsaga ya yi shiru, ƙaramin kifi na leƙowa ya zuƙe shi. Gida ɗaya, kowa da sana'arsa.

Baban_Hanifa: Jama'a mun yi nisa, yaron nan har yanzu bai san ko kifinsa lafiya yake ba. Nura, ka auna ruwan?

Nura77: Na auna Baba. Amoniya sifili, pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) 7.8, zafin ruwa digiri 26. Na kuma kwashe ƙananan shida zuwa wani bokiti mai iska kamar yadda Hajiya ta ce.

Baban_Hanifa: Ruwan ya yi daidai da abin da suke so, tafkin nasu ruwa ne mai ɗan kanwa-kanwa, pH ɗinsa yana haura 7.5. To ga yadda za ka bambance, don na ga kifi mai ciwo yana kwanciya sau da yawa. Mai ciwo numfashinsa da sauri yake, murfin kunnuwansa na bugawa ba tsayawa. Fukafukansa a manne da jiki. Idan ya tashi sai ya yi iyo a karkace ko ya riƙa juyewa, sannan ya koma ya faɗi. Idan kumburin ciki ne da ke damun kifayen Malawi, za ka ga cikin ya tashi, kashinsa fari siriri kamar zare, kuma zai ɗauki abinci ya tofar. Naka idan ya tashi ya yi iyo sambal, launinsa da kyau, yana ci da marmari, to na janye maganata.

Nura77: Idan ya tashi sambal yake tafiya. Kuma yanzu da Malam Bala ya yi maganar ido na tuna, ranar da na zura raga idonsa yana bin hannuna.

Hajiya_Turai: Lita nawa ne tankin?

Nura77: 200.

Hajiya_Turai: Ya yi masa kaɗan ɗana. Kifin nan yana kai santimita 25. Ni ba zan sa shi a abin da bai kai lita 500 ba, kuma tsawon tankin ya fi zurfinsa muhimmanci. Ka bar masa fili na yashi mai laushi, duwatsu a gefe guda. Tsakuwa mai kaifi tana goge masa jiki idan ya kwanta. Kuma idan namiji ne ka shirya ganin abin mamaki. Nawa da ya balaga, lokacin barbara dabbaren nan suka dushe, ya koma shuɗi mai ƙyalli, fiffiken ƙasa ya yi ja-ja. Na ɗauka wani kifin aka sako mini. Ka ga wanda rayuwarsa ta dogara a kan kama da gawa, idan neman aure ya zo sai ya ajiye rigar gawar.

Ummu_Sadiya: Hajiya sun taɓa haihuwa a wurinki?

Hajiya_Turai: Sau biyu. Macen tana zuba ƙwai ta kwashe su a bakinta, ta riƙe su kusan mako uku, ba ta cin komai. Haɓarta takan kumbura, kina ganin tana juya su a hankali don iska ta ratsa su. Ranar da ta sake su ina zaune a gaban gilashin. Suka fito kamar ƙwayar hatsi masu ido, suka bazu a kan yashi. Inuwata ta motsa kawai, ta sunkuyar da kai, duk suka ruga suka koma bakin. Bakin nan da yake haɗiye 'ya'yan wasu shi ne ɗakin 'ya'yanta. Na kasa tashi daga wurin. Kuma tun suna ƙanana dabbaren suna jikinsu.

Sadiq_Tanki: Nura, idan kana son ka riƙa ganin kwanciyar, ka riƙa sako masa ƙananan kifaye masu rai lokaci-lokaci. Halittarsa ke nan.

Ummu_Sadiya: Ban yarda da wannan ba sam. A tafki ƙaramin yana da inda zai gudu, Yaya Bala ya ga wanda ya tsira. A cikin gilashi ina zai je? Wannan ba farauta ba ce, jefa rai ne cikin azaba don mu yi kallo.

Baban_Hanifa: Ban da haka ma, kifayen da ake sayarwa don ciyarwa su ne babbar hanyar shigo da cuta tanki. Busasshen abinci mai kyau na kifaye masu cin nama, da jatan lande ko yankakken kifi jefi-jefi, sun wadatar da shi.

Sadiq_Tanki: Na ji ta ɓangaren cuta. Amma har yanzu ina ganin mafaraucin da aka hana farauta an tauye shi. Idan ba za mu iya ba shi rayuwarsa ba, me ya sa muka ɗauko shi?

Matafiyi_Bala: Tambayar Sadiq ta taɓa ni, don na ga gidansu. Tsawon tafkin ya haura kilomita 550, zurfinsa ya kai kusan mita 700, ƙasashe uku ne ke kewaye da shi: Malawi, Mozambik da Tanzaniya. Amma ƙasan can babu iskar shaƙa, kifaye a saman mita 200 ko ɗan fiye suke rayuwa, irin su kalingono kuma galibi a kusa da gaɓa. Wato daidai inda taru mai ƙananan ido ke sharewa, inda kuma laka daga gonakin da aka sare wa itatuwa ke gangarowa ta dagula ruwa. Kifin da sana'arsa ita ce a gan shi a ɗauka gawa ce, ruwa mai duhu ba ya yi masa rana. Yankin Cape Maclear yana cikin gandun da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1984, amma gandun ɗan yanki ne a kan girman tafkin.

DanMasunta: Malam Bala, kada a ɗora wa masunta duka. Mutum yana neman abin da iyalinsa za su ci ne.

Matafiyi_Bala: Ban ɗora musu ba ɗan uwa, na zauna da su, na ga wahalarsu. Abin da na gani kawai na faɗa.

Gwani_Mudi: Sunan nan livingstonii daga ina?

Aliyu_Kimiyya: Daga David Livingstone, wanda ya isa tafkin a 1859. Albert Günther ne ya rubuta bayanin kifin ya ba shi sunan a 1894. An daɗe ana sa shi cikin rukunin kifayen da ake kira Haplochromis, sai a 1989 Eccles da Trewavas suka ware masa Nimbochromis tare da 'yan uwansa, kalmar tana nufin girgije saboda dabbaren. Ni dai kalingono ya fi yi mini, don waɗanda suka raɗa shi halin kifin suka duba.

Nura77: Ga labarin yau. Kwana biyu ke nan da cire ƙananan, ban sake ganin ya kwanta ba. Yana ta zagaye tankin, yakan tsaya a kusurwar da suka saba taruwa.

Aliyu_Kimiyya: Ka gani. Babu abin kamawa, an naɗe tarko.

Baban_Hanifa: Ko kuma canjin ruwan da ya yi ne ya wartsakar da shi. Nura, ka canza ruwan ranar ko ba ka canza ba?

Nura77: Na canza Baba, kashi ɗaya bisa uku kamar yadda ka ce, a ranar da na cire su.

Baban_Hanifa: To abu biyu aka sauya a rana ɗaya. Ka ba shi mako biyu kana duba numfashinsa da kashinsa, ka dawo ka gaya mana.

Sadiq_Tanki: Ka sa ƙananan a wani tankin gilashi, ka ajiye shi a jikin nasa yadda zai riƙa hango su ta gilashi. Ba zai taɓa su ba, Ummu Sadiya ba za ta yi fushi da ni ba, mu kuma mu ga ko zai zube.

Ummu_Sadiya: Su ƙananan kuma su wuni suna kallon wanda ya cinye 'yan uwansu? Ka sa musu duwatsun ɓuya tukuna, Nura.